"Ka gama?": tarihin hirar furosesa da tafintansa

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau yana da tsawo. Tarihin wata 'yar tambaya zan ba ku, wadda na'urori biyu suke yi wa juna a cikin mitar wutar gidanku, da sikelin lantarkin mai shago, da akwatin cajin sola. Tambayar ita ce: "Ka gama?" 🧵

2/ Mai tambayar shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar na'ura. Shi 0 da 1 kawai ya sani. Bai san zafi ba, bai san nauyin buhu ba, bai san muryarka ba. Duk waɗannan idan za su shiga na'ura, ƙarfin wuta suke zama, yana hawa yana sauka sannu a hankali, babu lamba a jikinsa.

3/ Wanda ake tambaya kuwa shi ne mai duba wannan ƙarfin wutar ya ce "wannan 713 ne". Injiniyoyi suna ce masa ADC. Ni a zaren nan tafinta zan riƙa ce masa, don aikinsa ke nan: ya ji yaren duniya, ya fassara wa furosesa da lamba.

4/ Matsalar ita ce tafinta yana buƙatar lokaci, shi kuma furosesa ba shi da haƙuri. Idan ya fizge amsa kafin a gama, babu abin da zai yi ƙara, babu jan rubutu. Lamba zai samu lafiyayya a ido, alhali ƙarya ce. Kuma da ita za a lissafa maka kilo, ko a yanke cewa batirinka ya cika.

5/ Tafinta ya girmi furosesa nesa ba kusa ba. A 1937 wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin ITT a birnin Faris, ya kawo dabarar a riƙa auna murya sau dubbai a sakan, a tura lambobin a layin tarho. Hujjarsa: hayaniyar layi tana ɓata murya, amma da wuya ta mai da 1 ya koma 0. A 1938 ya yi wa dabarar rajista a Faransa.

6/ Ku riƙe yadda nasa tafintan yake aiki, za mu sake haɗuwa da shi a gaba. Yana mai da ƙarfin wuta ya zama tsawon lokaci, sai ya hau ƙirga: ɗaya, biyu, uku, har lokacin ya ƙare. Inda ƙirgen ya tsaya, nan ce amsa. Matakai 32 kacal yake iya bambancewa, wato bit 5.

7/ A lokacin babu tiransista, sai bawul na gilashi irin na tsohuwar rediyo, don haka abin ya fi ƙarfin kasuwa. Yaƙi ne ya biya kuɗin. A 1943 Bell Labs suka gina SIGSALY, don shugabannin Amurka da Birtaniya su yi magana Jamus ba ta saurara ba. Tasha ɗaya ta haura tan 50. Ta Landan a ƙarƙashin kantin Selfridges aka ajiye ta, aka ja waya zuwa wurin Churchill.

8/ A 1954 Bernard Gordon da kamfaninsa EPSCO a Amurka suka fitar da DATRAC, tafintan da za ka iya sa kuɗi ka saya. Bit 11, awo 50,000 a sakan. Yana shan wuta wat 500, nauyinsa kusan kilo 68, farashinsa dala 8,500 na wancan zamani. Yau wanda ya yi irin aikinsa bai kai farcen babban yatsa ba.

9/ A nan zan ɗan daɗe, don idan ba ku gane yadda DATRAC yake awo ba, sauran zaren ba zai shiga ba. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A 1556 masanin lissafi ɗan Italiya, Tartaglia, ya yi rubutu kan duwatsun awo masu nauyin 1, 2, 4, 8, 16 da 32. Da su shida za ka auna kowane cikakken nauyi daga 1 har 63.

10/ A ce buhu ne mai kilo 45 a kan sikeli mai faranti biyu. Ka ɗora 32: buhu ya fi, ka bar shi, rubuta 1. Ƙara 16, ya zama 48: ya wuce, sauke shi, rubuta 0. Ƙara 8, 40: bar shi, 1. Ƙara 4, 44: bar shi, 1. Ƙara 2, 46: ya wuce, 0. Ƙara 1, 45: daidai, 1.

11/ Me muka rubuta? 101101. Ita ce 45 a yaren furosesa. Gwaji shida, bit shida, daga babban dutse zuwa ƙarami. Haka DATRAC yake yi, sai dai duwatsunsa ƙarfin wuta ne. Kuma haka tafintan da ke cikin Arduino yake yi har gobe.

12/ To ka ga idan wani ya leƙo a gwaji na biyu, 48 zai gani a faranti. Idan ya leƙo bayan an sauke, 32 zai gani. Duk biyun lambobi ne na ƙwarai, babu wadda ta yi kama da shirme, kuma babu wadda take nauyin buhun. Daga nan tambayarmu ta samo asali.

13/ Wani sharaɗin: kada buhu ya canja nauyi ana tsakiyar awo. Shi ya sa ake fara kama ƙarfin wutar a cikin ɗan ƙaramin kafasita, a rufe ƙofa, sannan a auna abin da aka kama. Kafasitan nan zai dawo mana da rigima a gaba.

14/ Furosesa sai a 1971 ya iso: Intel 4004, ƙafafu 16, an yi shi ne saboda kalkuletar kamfanin Busicom na Japan. A 1974 aka fitar da 8080 mai ƙafafu 40. Cikinsu 16 na faɗin adireshi ne, 8 kuma na ɗaukar bayani. Waɗannan wayoyi 8 kowa da kowa ke amfani da su: ma'ajiya, da madannai, da duk baƙon da aka jona.

15/ Wayoyin haɗaka suna da ladabi. Idan na'ura biyu suka yi magana lokaci ɗaya, wannan na tura 1 wancan na tura 0, bayani ya lalace, wani lokacin har ayisi ya ɗau zafi. Don haka tafinta sai da ya koyi hali na uku bayan 0 da 1: ya saki waya gaba ɗaya, kamar ba ya nan, sai an kira adireshinsa.

16/ Kiran ma iri biyu ne. 8080 yana da umarni na musamman, IN da OUT, don magana da baƙi. Motorola 6800 da 6502 ba su da su. A wurinsu tafinta wani adireshi ne kawai a cikin ma'ajiya: ka rubuta a can, awo ya fara, ka karanta can, amsa ta fito. Ni wannan na biyun ya fi burge ni, don babu sabon abin haddacewa.

17/ Idan kana son ganin hirar ƙiri-ƙiri, nemi ADC0804 na National Semiconductor, wanda har yau yake cikin littattafan koyar da 8085 da 8051. Ƙafafu 20. Takwas na amsa. Ƙafar CS tana nufin "da kai nake". WR tana nufin "fara". RD, "ba ni". Ita kuma INTR ta tafinta ce, da ita yake cewa "na gama".

18/ Awo ɗaya yana ɗaukarsa kusan maikurosakan 100, wato kashi 100 cikin miliyan na sakan. A wurinmu ba komai ba ne. A wurin 8080 mai bugun miliyan 2 a sakan, lokacin yin ƙananan umarni har 50 ne. Me zai yi a wannan tsakanin? Ku ɗauka ɗinki ka kai wa tela.

19/ Kana iya lissafa kwanakin da ya ce, ka ƙara ɗaya, ka koma ka ɗauki leda ba tambaya. Wannan shi ne jira a makance: furosesa ya ƙirga lokaci, ya karanta. Ya fi kowanne sauƙi, ko ƙafar INTR ba ya buƙata. Amma ranar da agogon tafinta ya yi nawa saboda zafi ko tsufan kafasita, riga babu hannu za ka kwaso.

20/ Kana iya zama a bencin shago kana "ka gama? ka gama?" har ya ce eh. Furosesa yana duba INTR, ya sake dubawa, ya sake. Amsa ba ta kuskurewa, sai dai duk sauran ayyukanka sun tsaya. Kuma idan waya ta tsinke INTR ba ta taɓa amsawa ba, na'urar a nan za ta sandare, sai an kashe an kunna.

21/ Ko kuma ka ce masa "in ka gama yi min filashin", ka tafi harkarka. A nan INTR tana jone da ƙafar katsewa ta furosesa. Da ta motsa, sai ya ajiye abin da yake yi, ya karɓi amsa, ya koma inda ya tsaya. Ita ce ta manya, amma tana da nata ciwon kai: filashin ba ya duba ko kana tsakiyar wani abu mai muhimmanci.

22/ Bit 8 matakai 256 ne, bai isa aikin masana'anta ba. A 1978 Analog Devices suka fitar da AD574 mai bit 12, matakai 4,096. To ga amsa mai bit 12, ga hanya mai waya 8. Sai aka raba ta gida biyu: karatu na farko manyan bit 8, na biyu sauran 4 da sifili huɗu na cike gurbi. Ƙafa ɗaya, A0, ita ke zaɓar rabin da kake so.

23/ Karatu biyu ya buɗe wata sabuwar ƙofar ƙarya, kuma wannan ita ce ta fi ba ni tsoro. Ɗauki tafinta mai bit 10 da ke awo ba tsayawa. Amsa tana 255: babban rabi 0, ƙaramin rabi 255. Ka karanta ƙaramin, ka samu 255. Kafin ka miƙa hannu ga babban, sabon awo ya shigo, 256: babban rabi ya koma 1.

24/ Ka haɗa su: 256 da 255, ka samu 511. Abin da ake aunawa taki ɗaya ya motsa, kai kuma ka ga ya ninka. Sau ɗaya a cikin dubbai zai faru, don haka a teburin gwaji lafiya lau, sai na'ura ta je hannun mai ita.

25/ Masu ƙera ATmega328P, furosesan Arduino Uno, sun toshe wannan da ƙa'ida: dole ka fara karanta ƙaramin rabi, ADCL. Da ka taɓa shi, akwatunan biyu sun kulle, sabon awo ba zai shiga ba sai ka karanta ADCH. Sun gwammace awo ɗaya ya ɓace da a ba ka rabin tsoho rabin sabo. Na yarda da su ɗari bisa ɗari.

26/ Mu ɗan ratse, don akwai waɗanda suka ce tafinta ya yi tsada, ba za su saya ba. Apple II na 1977, aikin Steve Wozniak, yana da abin murɗawa na wasan gem. Babu tafinta a ciki. Ɗan ayisin lokaci ne mai lamba 558, da kafasita da ke cika a hankali ko da sauri gwargwadon inda ka murɗa.

27/ Furosesa ya taɓa wani adireshi, cika ta fara, sai ya hau ƙirga har ta ƙare: 0 zuwa 255, kusan kashi 3 cikin 1,000 na sakan idan an murɗa har ƙarshe. Kun tuna Reeves? Dabararsa ce sak bayan shekara 40, sai dai yanzu furosesa da kansa ne mai ƙirgen. IBM PC na 1981 ma haka ya yi da sandar gem.

28/ Arha tana da farashi. Taɓa adireshin nan yana tayar da ma'aunan lokaci huɗu gaba ɗaya. Idan ka karanta abin murɗawa na farko, nan take ka koma na biyu, kana iya tarar da shi a tsakiyar tsohuwar cikarsa, ya ba ka lambar da ba ita ba. Maganin da aka koya wa masu furogiram: ku ɗan jira tsakanin biyun.

29/ Mu koma kan hanya. Tafinta mai ƙafafu 20 ko 28 yana cin wuri a allo, kowace ƙafa kuma kuɗi ce: babban gida ga ayisi, ƙarin layin tagulla, ƙarin wurin da dalma za ta iya saki. Idan talabijin miliyan kake ƙerawa, waya ɗaya da ka rage riba ce. Kuɗi ne ya rage wayoyin nan, ba son tsafta ba.

30/ A 1982 Philips na ƙasar Holan suka fito da I2C saboda ayisin da ke cikin talabijin ɗinsu. Waya biyu tal: SCL ta bugun agogo, SDA ta bayani. Bit suna bin layi ɗaya bayan ɗaya, 100,000 a sakan a farkon fitowarsa. Kowace na'ura da adireshinta mai bit 7. Bayan kowane bit 8, a bugu na tara, mai karɓa yana jan waya ƙasa: "na ji".

31/ Abin da nake so a I2C: an ba ƙaramar na'ura ikon cewa "dakata". Idan ba ta shirya ba, tana iya riƙe wayar agogo a ƙasa, dole furosesa ya tsaya har ta saki. Sai dai ba kowane furosesa ne ke girmama wannan ba. Na Raspberry Pi na farko-farko an san shi da tuntuɓe a daidai nan.

(Af, shekara da shekaru takardun I2C suna kiran ɓangarorin biyu "ubangida" da "bawa". Sai a 2021 NXP, magajin Philips a harkar, ya canja sunayen.)

32/ Motorola kuma a shekarun 1980 suka kawo SPI: waya huɗu, babu adireshi, babu "na ji", amma gudu kamar me. Ba a taɓa yi masa tsayayyar ƙa'ida ɗaya ba, don haka yanayin agogonsa iri huɗu ne. Ka zaɓi wanda bai dace ba, bit na iya gocewa gurbi ɗaya. A lissafin 0 da 1, gocewa gurbi ɗaya ninkawa ne ko rabawa biyu.

33/ Raspberry Pi ya fito a 2012 babu tafinta a jikinsa, shi ya sa ɗalibai da yawa suka san MCP3008 na Microchip: bit 10, ƙofofi 8, SPI. Shi ya kashe tambayar gaba ɗaya. Bugun agogon da furosesa ke turawa shi ne ke ɗora duwatsun awo. Bugu ɗaya, gwaji ɗaya, bit ɗaya ya fito. Tela yana ɗinki ne kai kana taka masa keke.

34/ Sai ka ce ai shi ke nan. Ina! Kafasitan da ya kama ƙarfin wutar yana yoyo a hankali. Idan furosesa ya yi nawa wajen bugun, buhu ya rage nauyi ana cikin awo. Takardar ayisin ta yi gargaɗi a kan bugun da ya gaza kusan 10,000 a sakan. Da can laifin furosesa gaggawa ne, a nan kuma jan ƙafa.

35/ ADS1115 na Texas Instruments, bit 16 a kan I2C, yadda yake zuwa awo 128 yake yi a sakan, kusan milisakan 8 kowanne. A ce ƙofa ɗaya tana kan faifan sola, ɗaya tana kan batir. Ka ce masa "koma batir", nan take ka karanta. Zai ba ka amsa kuwa, ta faifan sola, wadda ta rage a akwati. Akwai bit na "na gama" da ƙafar ALERT/RDY, amma sai wanda ya duba.

36/ Wanda ya fi ba ni dariya shi ne HX711, mai bit 24, da aka yi don sikelin lantarki. Ba I2C ba ne, ba SPI ba ne, yarensa daban. Wayar bayani ita ce kuma ta "na gama": tana sama, jira, ta faɗo, karɓa. Sai ka buga agogo sau 24 ka kwashi amsa, ka ƙara bugu 1, 2 ko 3 don gaya masa ƙofa da ƙarfin awo na gaba.

37/ Ga tarkon: idan wayar agogo ta zauna a sama fiye da maikurosakan 60, HX711 yana ɗauka an ce ya yi barci. To a ce kana tsakiyar bugu 24 ɗin nan sai wani filashin ya shigo, furosesa ya tafi amsawa. Ya dawo ya ci gaba da karatu daga bakin mai barci. Shi ya sa masu rubuta masa furogiram da kyau suke toshe katsewa a lokacin bugun.

38/ A ɗaya ɓangaren, tafinta ya tare a gidan furosesa. Motorola 68HC11 na tsakiyar shekarun 1980 da nasa ya zo a ciki. Wayoyin sun ɓace daga ido, hirar tana nan. Buɗe analogRead na Arduino Uno ka gani: yana kunna wani bit mai suna ADSC, sai ya tsaya yana dubansa har ya mutu. Zaman bencin tela ne, ba ƙari ba ragi.

39/ Lissafin ma abin dubawa ne. Awo ɗaya bugu 13 ne na agogon tafinta mai 125,000 a sakan, wato maikurosakan 104, kusan daidai da ADC0804. Amma furosesan yanzu miliyan 16 yake bugawa. Bugu 1,664 ke nan yana zaune. Don karanta zafin ɗaki sau ɗaya a sakan, ba laifi ko kaɗan, kada wani ya tsorata ka. Don ɗaukar murya kuwa, ba zai kai ka ko'ina ba.

40/ Murya ce ta juya lissafin. Faifan CD na Sony da Philips, 1982, awo 44,100 ne a sakan. Wayoyin yanzu sukan yi 48,000, wato sabuwar lamba kowane maikurosakan 21. Babu furosesan da zai amsa filashin 48,000 a sakan ya kuma kula da allo da intanet cikin daɗin rai.

41/ Sai aka sa ɗan aike a tsakani, DMA. Shi ma tsoho ne, IBM PC na 1981 yana da shi a ayisi mai lamba 8237. Aikinsa ya karɓi lamba daga tafinta ya zuba a ma'ajiya, furosesa bai ma sani ba. Bokiti biyu ake ajiyewa: ana cika ɗaya, furosesa yana kwashe ɗayan. Filashin sai bokiti ya cika. Saƙon muryar da kake turawa a WhatsApp ta irin wannan hanyar yake shiga waya.

42/ Yanzu tafinta ne ba ya jira. Idan furosesa ya makara bai kwashe bokiti ba, sabon awo zai hau kan tsoho, wani yanki na maganar ya tafi, ka ji ɗan "ƙas" a rikodin. A furosesoshin STM32 an ware wa wannan bit guda mai suna OVR a akwatin rahoton tafinta. Yana kunnuwa ne idan sabuwar amsa ta iso ba a ɗauki ta baya ba, kuma yana nan a kunne har sai furogiram ya zo ya goge shi da kansa.